Darasin Wannan Fitowa: Salula da Shari'ar Diyyar Rauni



Sana'ar nan tamu rabinta a kan hanya take. Mutum ya sayi shanu a Tawa ko Damagaram, ya bi ta Ƙonni ko Magarya, ya kwana biyu ko uku a kan tirela kafin ya sauke a Ibadan ko Legas. Na Cadi ya tsallako ta Kusuri, na Ngaundare ya gangara Yawunde, wani kuma ya nufi Kumasi. Duk wanda ya daɗe yana bin waɗannan hanyoyi ya ga mota ta kife, ko kuwa ya raka ɗan'uwa asibiti. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma bayan an yi jinya akwai wata wahala ta biyu, wato neman diyya daga mai mota ko daga kamfanin inshora, wadda mutanenmu na Nijar da Kamaru ke kira asurans.

To, darasinmu na yau a kan wannan wahala ta biyu yake. Muna so mu nuna yadda abin da mutum ya sa a WhatsApp, ko Facebook, ko TikTok bayan hatsari yake iya rage masa diyya, ko ya ɓata masa shari'a gaba ɗaya. Muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

ABIN DA AKE NEMA A SHARI'AR DIYYA

Wanda ya ji rauni, in ya kai ƙara ko ya nemi kamfani ya biya shi, abu uku ake so ya tabbatar. Na farko, cewa hatsarin ya faru kuma motar wane ce ta jawo shi. Na biyu, cewa raunin da ke jikinsa daga wannan hatsari ya same shi, da kuma iyakar girman raunin. Na uku, asarar da raunin ya jawo masa: kuɗin magani, kwanakin da bai fita kasuwa ba, da naƙasar da za ta zauna masa har iyakar rayuwa.

Shi kuwa kamfani yana da ma'aikata da lauyoyi waɗanda albashinsu ke nan su nemo dalilin da zai sa a biya kaɗan. Kada mu ɗauke su maƙiya, aikinsu suke yi, kamar yadda mai sayen sa ke zagaya shi yana neman aibi don ya rage farashi. A da, in suna son su san ko mutum da gaske yake, sai sun aiko wani ya yi ta bin unguwa yana tambaya. Yanzu ba sai sun sha wannan wahala ba. Mu da kanmu muke ɗaukar hotonmu, mu sa rana da wuri, mu watsa wa duniya.

WANI MISALI

Mu ɗauka akwai wani ɗan'uwa, mu kira shi Alhaji Wane. Motarsu ta faɗi a hanyar kurmi, ya karye a cinya, ƙugunsa ya goce. Ya yi wata biyu a kwance. Likita ya rubuta cewa ba zai iya doguwar tafiya ko doguwar tsayuwa ba har wani lokaci, lauya ya shigar da takardu.

Amma fa shanun da suka mutu a hatsarin, rabinsu bashi ya ɗauko, a kan sai ya dawo daga kurmi ya biya. Labari ya fara yawo cewa Alhaji ya gama yawo, ba zai sake tashi ba. Masu bin sa kuɗi suka fara aike. Don ya kwantar musu da hankali, ran Alhamis ya sha maganin kashe zafi, ya sa babbar riga, aka ɗauke shi a mota zuwa Maigatari. Ya ajiye sandar dogarawa, ya tsaya kusa da wani bajimin sa na abokinsa, ya ɗora hannu a tozo, yaronsa ya ɗauki bidiyo. Ya ce, "Alhamdu lillahi, mun dawo fagen fama, masu cewa mun faɗi sai su sake shiri." Aka sa a zauren WhatsApp na 'yan kara.

Bidiyon nan bai kai minti ɗaya ba. Alhaji ya koma gida ya kwana uku bai iya juyawa ba, amma wannan babu wanda ya ɗauka. Ranar zama, lauyan kamfani ya buɗe bidiyo a gaban alƙali ya ce, "Ga mutumin da ya ce ba ya iya tsayuwa. Ga shi a kasuwa, ba sanda, ga kuma bakinsa yana cewa ya koma aiki." Yanzu aiki ya koma kan Alhaji: sai ya nemo shaidun da za su ce sa ɗin ba nasa ba ne, ɗauko shi aka yi, kuma magani ya sha. Ko da an yarda da shi a ƙarshe, an riga an sa wa alƙali shakka, kuma shakka kuɗi take ci.

Alhaji bai yi wa kotu ƙarya ba. Rufin asiri ya nema, irin wanda kowane ɗan kasuwa ya sani. Sai dai hoto ba ya bayanin dalili, abin da ido ya gani kawai yake nunawa.

ABIN DA YA FARU A KOTUNAN WAJE

Wannan al'amari ya fara bayyana ne a kotunan Amurka da na Turai, inda mutane suka riga mu shiga waɗannan kafofi. Ga kaɗan daga shari'o'in da aka yi, don mu ga yadda alƙalai ke kallon abin.

A shekarar 2010, a jihar New York ta Amurka, kotu ta duba shari'ar wata mata da ta kai ƙarar kamfanin da ya ƙera kujerar da ta faɗo daga kanta a wurin aiki. Ta ce raunin ya tsare ta a gida, yawanci ma a kan gado. Lauyoyin kamfani suka duba shafinta na Facebook, suka ga hotonta a waje tana murmushi, suka kuma ga alamar ta yi tafiya zuwa jihohin Florida da Pennsylvania. Alƙali ya ba da umarni a buɗe musu sauran shafin, har da ɓangaren da ta kulle don ƙawayenta kaɗai, har da abin da ta goge.

A shekarar 2018, babbar kotun wannan jiha ta yanke hukunci a kan wata da ta faɗo daga kan doki. Ta ce ta bugu a kai da gadon baya, har rubuta ɗan gajeren saƙo yana yi mata wuya. Ta rufe shafinta wajen wata 6 bayan faɗuwar. Kotu ta ce a ba abokin shari'arta hotunan da ta sa bayan hatsarin ko da a ɓoye suke, a kuma ba shi lissafin lokacin da ta aika kowane saƙo da yawan haruffan da ke cikinsa. Ku lura da wannan, jama'a: ba a ma karanta abin da ta rubuta ba, yawan rubutun kaɗai ya isa a auna maganarta.

A ƙasar Ailan, wata mata ta yi hatsarin mota a 2017, ta nemi diyyar da ta haura Yuro 760,000, ta ce ciwon baya da wuya ya hana ta aiki. Sai aka kawo hoton da wata jarida ta buga, inda aka gan ta a watan Janairun 2018 tana jifa da itacen Kirsimeti a wata gasa, har ita ta zo ta ɗaya a cikin mata. A 2024 kotu ta kori ƙarar baki ɗaya. Ita ba ita ta ɗauki hoton ba, ba kuma ita ta watsa shi ba.

A Ingila kuwa, tun 2015 akwai dokar da ta ce in alƙali ya tabbatar mai neman diyyar rauni ya yi babbar ƙarya a cikin da'awarsa, to a kori ƙarar duka, har da ɓangaren da yake da gaskiya a kai, sai fa in yin hakan zai zama babban zalunci. Wato wanda ya karye da gaske, amma ya ƙara gishiri, yana iya tashi a tutar babu.

YAYA ABIN YAKE A ƘASASHENMU?

Wani zai ce, ai wannan can ƙasar Turawa ne. To, ba haka ba ne. Ƙasashen da muke ratsawa duk sun yi dokokin da suka san da rubutu da saƙon da ke cikin na'ura: Gana a 2008, Kamaru a 2010, Cadi a 2015, Nijar a 2019. A Najeriya, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a karɓi abin da aka ciro daga kwamfuta ko waya, muddin an haɗa shi da takardar da ta bayyana na'urar da yadda aka ciro shi. An ƙara faɗaɗa wannan doka a 2023. A ƙasashen da ke aiki da tsarin Faransa kuma, akwai ma'aikacin shari'a da ake kira wisiye, wanda zai duba waya da idonsa, ya rubuta abin da ya gani da rana da lokaci, ya buga hatimi. Takardarsa tana da nauyi ƙwarai a gaban alƙali.

Galibi dokar ƙasar da hatsari ya faru a cikinta ita ake bi, don haka ya kamata falke ya san cewa tsari biyu ne a gabansa.

Nijar, Cadi, Kamaru, Benin, Togo, Burkina Faso da Mali suna cikin ƙasashe 14 masu dokar inshora guda ɗaya, wadda ake kira dokar CIMA. An sa hannu a kan yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, ta fara aiki a 1995. A wannan tsari, likita ne ke auna rauni, ya faɗi kwanakin da mutum ya kasa aiki da kashi nawa cikin ɗari na naƙasa ya samu, sa'an nan a yi lissafi bisa ma'aunin da doka ta ajiye. Kamfani ma yana iya kawo nasa likita. Wanda ba shi ke tuƙi ba, ba a hana shi diyyar raunin jikinsa saboda kuskurensa, sai in da gangan ya nemi cutar da kansa. Direba kuwa, laifinsa yana rage masa diyya ko ya hana shi ita. Wa'adin kai ƙara shekara 5 ne daga ranar hatsari.

A Najeriya da Gana, tsarin Ingila ake bi. Alƙali ne ke kimanta diyya bisa shaidun da aka kawo, kuma in ya ga mai rauni yana da nasa kason sakaci, sai ya rage masa gwargwadon haka. Kuɗin magani da asarar ciniki kuma sai an lissafa su dalla-dalla an kawo hujja.

A tsari na farko, bidiyo yana iya sa kamfani ya ƙi yarda da rahoton likitanka ya nemi a sake auna ka. A na biyu, yana shiga kai tsaye cikin abin da alƙali zai auna. Ko ta ina dai, ba ya rasa tasiri.

WURARE BIYAR DA WAYA KE KAYAR DA MU

Na ɗaya, gaisuwa. Bahaushe ko yana kan gargara, in ka ce masa yaya jiki, zai ce da sauƙi. Tarbiyyarmu ke nan, kuma abu ne mai kyau. Amma saƙon murya da ka aika wa mutum ɗari kana cewa, "Na warke sarai, ba abin da ke damuna," in ya isa kotu tafinta zai juya shi zuwa Faransanci ko Turanci kalma da kalma. Alƙalin da ke Duwala ko Legas bai san cewa haka muke gaisawa ba. In za ka amsa gaisuwa, "Mun gode, ana nan ana magani" ta wadatar, kuma gaskiya ce.

Na biyu, rufin asirin kasuwa, irin na Alhaji Wane. Wanda ake bi bashi, ya kira masu kuɗin su zauna ido da ido, ko ya sa maigidansa na kara ko shugabannin ƙungiya su shiga tsakani a ƙara masa lokaci. Abin da aka kafa ƙungiya dominsa ke nan. Hoton damin kuɗi ko na garken wani ba ya biyan bashi, sai dai ya zama hujjar cewa cinikinka bai tsaya ba.

Na uku, bidiyon kan hanya. Samarinmu masu rakiyar shanu suna son ɗaukar kansu a saman tirela, ƙafa na lilo, mota na gudu, ana kiɗa. Wani har ya haska allon gudun mota yana yi wa direba kirari. In tsautsayi ya faɗa bayan awa ɗaya, wannan bidiyo shi za a fara nema. A Najeriya ko Gana za a ce yaron ya san haɗarin ya zauna a wurin, a rage masa diyya. Direban kuma, a ko'ina ne, an riga an ba da shaida a kansa.

Na huɗu, bayanin yadda hatsari ya faru. Mutum yana cikin ruɗewa, jini bai tsaya ba, sai ya ɗauki waya ya ce, "Wallahi barci ne ya ɗauki direbanmu," ko "Taya ce ta fashe." Bayan kwana biyu jandarma ko ɗan sanda ya zo, ya faɗa masa wani abu dabam, domin yanzu hankalinsa ya dawo ya tuna daidai. To, an sami magana biyu daga baki ɗaya, kuma lauyan da ya ƙware ba abin da yake so kamar wannan. Ban da haka, wanda ya kama sunan direba ko mai mota a zaure ya ce mashayi ne ko ɓarawo, ba tare da hujja ba, ya buɗe wa kansa wata shari'ar ta ɓata suna. Dokar Nijar ta 2019 a kan laifuffukan intanet ta ambaci wannan laifi da sunansa. Magana zarar bunu ce.

Na biyar, bayan an yi sulhu. Sau da yawa kamfani yakan sa sharaɗin cewa kada a faɗa wa kowa nawa aka biya. A jihar Florida ta Amurka, wani tsohon shugaban makaranta ya yi sulhu da makarantar da ta sallame shi, za a ba shi Dala 80,000 bisa wannan sharaɗi. 'Yarsa ta hau Facebook ta yi shelar cewa iyayenta sun yi nasara, makaranta ce za ta biya mata kuɗin yawon Turai. A 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta ce an karya sharaɗi, kuɗin ya faɗi. Wannan ba shari'ar rauni ba ce, amma darasin ɗaya ne: bakin iyalinka ma naka ne. Mu ƙara da cewa, a dokar CIMA wanda ya sa hannu a takardar sulhu yana da kwana 15 da zai iya warware ta a rubuce, in ba a bi ƙa'idar doka ba wajen lissafin. Kada murna ta sa a yi shela tun ba a kai takardar an duba ba.

KADA KA GOGE

Wanda ya karanta zuwa nan, watakila hannunsa ya riga ya kai aljihu zai share abin da ya sa. Dakata! Wannan ya fi na farko muni.

A jihar Virginia ta Amurka, a 2007, wata motar kankare ta kife a kan ƙaramar mota, matar mai motar ta rasu, shi kuma ya ji rauni. Ana cikin shari'a, lauyoyin kamfani suka ga hotonsa a Facebook riƙe da gwangwanin giya, sanye da riga mai rubutun banza, suka nemi a ba su sauran abin da ke shafin. Lauyansa ya sa aka gaya masa ya share shafin tas. Ya goge hotuna 16. Asiri ya tonu. A 2011 alƙali ya ci lauyan tarar Dala 542,000, shi kuma mai ƙara Dala 180,000. A 2013 aka dakatar da lauyan daga aiki har shekara 5. Mutumin ya ci shari'arsa, domin gaskiyarsa a fili take, amma gogewar ta jawo masa hasarar da hotunan kansu ba za su jawo ba.

Dalili kuwa shi ne, hoto ana iya yi masa bayani. Ana iya kawo likita ya ce mai irin wannan karaya yana iya tsayuwar minti biyu amma ba ya iya wuni a kara. Gogewa kuwa ba ta da bayani sai guda: akwai abin da kake ɓoyewa. Sa'an nan abin ma ba ya goguwa. Sitatus na WhatsApp yana ɓacewa bayan awa 24, amma ɗaukar hoton fuskar waya ƙiftawar ido ne. Zaure ɗaya yana iya ɗaukar mutum 1,024, kuma a cikin zaurukanmu akwai direbobi, akwai masu motoci, akwai 'yan kamasho, wani ma ƙanin wanda kake ƙara ne. Gaskiya ne tun 2016 WhatsApp ke kulle saƙo yadda ba mai karanta shi a hanya, amma kullewar ba ta hana wanda ka aika wa ya tura wa wani.

Abin da ka riga ka sa, bar shi inda yake. Ka nuna wa lauyanka tun ranar farko, ka gaya masa yadda aka yi. Gara ya ji daga bakinka da ya gani a hannun abokin shari'a.

INDA WAYA KE DA AMFANI

Ba cewa muke a jefar da salula ba. Wayar da ke kayar da mutum ita ce kuma ke tsayar da shi, in ya san abin da zai ɗauka da wanda zai ba.

Wanda Allah ya kuɓutar a wurin hatsari, bayan an taimaki masu rauni, ya ɗauki hoton motocin yadda suke kafin a janye su, da lambobinsu, da takardar inshorar kowace mota, da sawun birki a kan kwalta, da allon da ke nuna sunan gari ko kilomita. Ya karɓi lambobin waɗanda suka gani da ido. Ya tabbata jandarma ko 'yan sanda sun zo sun rubuta rahoto, domin wannan takarda ita ce ginshiƙin neman diyya. Hoton gawa da na wanda ke cikin jini kuwa, kada a watsa. Ba daidai ba ne uwa ta ga ɗanta a waya kafin a zo a yi mata ta'aziyya.

A asibiti, a ɗauki hoton kowane rasit, da takardar magani, da hoton ƙashi, da takardar sallama, domin takarda tana ɓata a tafiya. Wanda ya koma wurin mai ɗori bayan asibiti, kada ya yanke zuwa wurin likita, saboda takardar likita ce kotu da kamfani suka sani.

Sai batun samu. A dokar CIMA, mai albashi ana duba abin da ya karɓa a wata 6 kafin hatsari. Ɗan kasuwa ana duba takardun harajinsa na shekara 2 da suka wuce. Wanda ba shi da abin da zai nuna, ana yi masa lissafi a kan mafi ƙarancin albashi na ƙasa, ko da yana loda tirela biyu kowane mako. Wannan ya isa ya sa mu riƙa adana takardun haraji, da na duwan, da na likitan dabbobi, da rasit na aika kuɗi. Saƙonnin ciniki da ke wayarka ma ka adana su, lauya ne zai san wanda zai yi amfani.

Duk waɗannan, wurinsu hannun lauya ne da akwatin gida. Ba na zaure ba ne.

ABIN DA ZA A RIƘE

1. Daga ranar hatsari har ranar da kuɗi ya shiga hannu, kada ka sa hotonka, ko bidiyo, ko maganar jikinka, ko ta shari'a a kowace kafa.

2. Ka gaya wa matanka, da 'ya'yanka, da yaran da ke maka aiki su ma su kame. In an je biki ko suna, ka roƙi masu ɗaukar hoto su tsallake ka.

3. Baƙuwar lamba ko baƙon suna da ya nemi abota da kai a wannan lokaci, kada ka karɓa. Wanda ya kira ya ce daga kamfani yake, ka haɗa shi da lauyanka.

4. Kada ka goge komai, kada ka rufe shafi, kada ka sayar da wayar ko ka canja ta sai ka yi shawara da lauya.

5. Ka faɗa wa likita gaskiyar abin da kake iyawa da wanda ba ka iyawa. In wata rana kana samun sauƙi wata rana ciwo ya tashi, haka za ka faɗa, a rubuta. Wanda ya ce ba ya iya taka ƙasa sam, hoto ɗaya ya isa ya rushe shi. Wanda ya ce yana takawa kaɗan da wahala, hoton nan bai ƙaryata shi ba.

Wannan na biyar shi ne uwar sauran. Ba mu rubuta darasin nan don mu koya wa kowa dabarar cin kuɗin da ba nasa ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma duk ɗan'uwan da aka kama ya ƙara gishiri, ya ɓata wa na bayansa, gobe in wani falke ya zo da raunin gaske sai a dube shi da ido ɗaya. Abin da muke tsoro shi ne mai gaskiya ya rasa haƙƙinsa saboda minti ɗaya na nuna jarumta, alhali yana da iyali da zai ciyar da ƙafar da ba za ta koma kamar da ba.

TAMBAYOYI DON ZAMAN RESHE

Muna roƙon shugabannin rassa su karanta waɗannan a taronsu na gaba, a tattauna:

1. Waɗanne abubuwa uku ne mai neman diyya zai tabbatar, kuma wanne ne bidiyon Alhaji Wane ya taɓa?

2. Me ya sa goge hoto ya fi barinsa haɗari?

3. In hatsari ya faru a Kamaru, da in ya faru a Najeriya, mene ne bambanci ga yaron da ke zaune a saman mota?

4. In ɗan reshenmu ya kwanta jinya da bashi a kansa, wa zai je ya yi magana da masu kuɗin, don kada ya tilasta wa kansa fitowa kasuwa?

5. A cikinmu, mutum nawa ne za su iya kawo takardun shekara 2 da ke nuna abin da suke samu?

Reshen da ya cim ma wata shawara a kan tambaya ta huɗu, ya aiko mana mu buga don sauran su amfana. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa a sauke lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.